Wane Ne Ya Zuga Dawuda?

Ya ku 'yan'uwa, a buɗe 2 Sama'ila 24:1. Can an gaya mana Ubangiji ya husata da Isra'ila, ya zuga Dawuda ya ƙidaya jama'a. A juya kuma zuwa 1 Tarihi 21:1. Sarki ɗaya ne, ƙidaya ɗaya ce, amma nan Shaiɗan aka ambata. Masu ba'a sukan ce, "Ga shi, Littafinku yana gardama da kansa." Samarinmu kuwa sai su sunkuyar da kai don rashin amsa.

Amsa tana cikin littafin Ayuba. Shaiɗan bai taɓa ko tunkiya ɗaya ta Ayuba ba sai da aka ba shi izini, aka kuma sa masa iyaka. Duk da haka, sa'ad da dukiya da 'ya'ya suka hallaka, Ayuba ya ce Ubangiji ne ya karɓe, ba a kuwa lissafta masa wannan magana a kan zunubi ba. Shaiɗan kamar kura ce a sarƙa. Mugunta tata ce, amma tsawon sarƙa ba a hannunta yake ba. Marubucin Sama'ila ya dubi Mai riƙe da sarƙa, na Tarihi ya dubi kura. Dukansu gaskiya suka faɗa. Haka Bulus ya kira ƙayar da ke jikinsa manzon Shaiɗan, ya kuma ce an ba shi ita domin kada ya yi girman kai (2 Korintiyawa 12:7). Tun yaushe Shaiɗan ya damu da tawali'un wani?

Amma a lura, Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta (Yakubu 1:13). Ya bar Dawuda da abin da zuciyarsa ke so domin hukunci. A ganina, sarki ya fara dogara ga yawan mayaƙansa ne. Yowab ma, wanda ba a san shi da taushin zuciya ba, ya gargaɗe shi. Wata 9 da kwana 20 ana ƙidaya, sarki bai hana ba.

Ga maganar da ta shafi waɗanda sukan tsaya gaban dattawan ikkilisiya su ce, "Aikin Shaiɗan ne," ko kuwa, "Ƙaddara ce." Dawuda bai ce haka ba. A littattafan nan biyu duka cewa ya yi shi ne ya yi zunubi ƙwarai, ya yi wauta. Annoba ta ci mutum 70,000, har ya roƙa hukuncin ya sauka a kansa, a bar talakawa. Masussukar Arauna kuwa, inda ya gina bagade annoba ta tsaya, nan ne ɗansa Sulemanu ya gina Haikali.