Gafakar Malamin Damagaram

A wata rumfa cikin Kasuwar Kurmi ta Kano akwai wani tsohon baduku da ke aiki tare da ɗan ƙanensa. Tsohon ba ya ɗinki sai da fatar jar akuyar Sakkwato, irin wadda ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka zaci ta Maroko ce. Shi kuwa yaron, jiran majema ne ya ishe shi. A jiƙa fata a ruwan toka, a kankare gashi, a sa kashin tantabara ta yi laushi, a tsoma ta a bagaruwa, sannan a rina da karan dafi. Kwanaki suna tafiya, kuɗi suna kwance a kwatarniya.

Ran nan sai ya dawo daga Ƙofar Wambai da naɗin fatar roba a kafaɗa. Yadi ne aka shafe da roba, aka buga masa zanen fata. Ba tabo, ba wari, ga sheƙi kamar an lashe. Kafin magariba ya ɗinka gafaka, ya rataye ta kusa da ta baffansa. Tsoho ya taɓa, ya shinshina, bai ce uffan ba.

Bayan kwana biyu, baffan yana masallaci, sai ga wani malami daga Damagaram. Yana rungume da Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa-warƙa, cikin wata gafaka da tsufa ya mayar baƙa wuluk. Ya ce ta kakansa ce, igiyarta ce ta gaji, yana son sabuwa wadda jikansa zai gada. Idonsa ya faɗa kan mai sheƙi. Bai ko yi tayi ba, ya ƙirgo kuɗin fata sukutum ya miƙa.

Yaro ya karɓa. Ribar ta fi ta mako guda, kuma Damagaram da nisa. Ya karɓi tsohuwar gafakar don ya gwada faɗi, sai ya ji ta a hannu luƙwi kamar kunnen ɗan akuya. Gumin mutum uku ya shige ta, ba ta tsage ba. Ya dubi tasa. Ya san halinta: rani biyu ko uku, hunturu ya busa, sai ta fara ɓarewa kamar jikin ƙadangare, ba kuma man da zai farfaɗo da ita.

Ya daɗe riƙe da kuɗin, har malamin ya tambaye shi ko ba su cika ba.

Sai ya ɗauko guntu biyu daga ƙasa, ya kyasta ashana. Ɗaya ya yi ƙauri irin na babbaka, ya ƙi kamawa. Ɗayan ya narke, ya nannaɗe, ya bar zaren yadi a fili. Ya ce, “Allah gafarta Malam, wadda ka zaɓa ita ce ta biyun.”

Malam ya yi dariya. Ya ɗauki gafakar tsoho, mai ɗan tabon ƙaya a gefe, ya cika kuɗinta. Ta robar ma bai bar ta ba. Ya taya ta arha, ya ce tunda ruwa ba ya shigarta, ta dace da sabulu da soso.

Da baffan ya dawo, ya dubi ƙusoshi biyu ba komai a jikinsu, ya dubi guntayen da suka ƙone a ƙasa. Bai tambayi komai ba. Ya buɗe alabensa, ya zaro basillar da ya gada wurin mahaifinsa, wadda bai taɓa bari wani ya riƙe ba, ya ajiye ta a gaban yaron, ya ce a miƙo masa buta.