Laimar Kwaɗi Da Hadarin Amazon

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani ciwo da yakan kama muridi idan ya shekara biyu ko uku da karɓar wuridi. Ya tsare lazimin safe da na marece, bai bar wazifa ba, shi ke share zawiya ranar Juma'a kafin la'asar, shi ke naɗe tabarmi idan an watse, amma ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba, Shehu ma bai taɓa nuna shi da hannu ba. Sai zuciya ta fara lissafi. Daga nan wasu suke ja da baya a hankali, wasu kuma su shiga neman izinin muƙaddamanci ta kowace ƙofa. Mai wannan ciwo ya dace ya ji labarin laimar kwaɗi, wadda wasu ke ce wa naman kaza, da aikin da Allah Ya ɗora mata a dajin Amazon na ƙasar Burazil.

Tun shekarar 1880 wani masani ɗan Sukotlan mai suna John Aitken ya nuna cewa tururin ruwa ba ya haɗuwa ya zama hazo ko gajimare a cikin iskar da aka tace tsaf. Kowane ɗigo na gajimare sai ya sami wata ƙwaya da zai taru a kanta, ko ta ƙura, ko ta gishirin teku, ko ta hayaƙi. Ɗigon ruwan sama guda kuwa, taron irin waɗannan ƙananan ɗigo ne kamar miliyan ɗaya. To Amazon daji ne da ruwa ke zuba a cikinsa kamar da bakin ƙwarya, alhali a lokacin daminarsa iskar wurin tana daga cikin mafi tsabta a doron ƙasa: ƙwayoyi ɗari biyu ko uku ne a cikin ɗan gurbin da bai wuce kan yatsa ba, inda a babban birni ake ƙirga dubbai. Ina hadarin yake samun abin da zai kama?

A tsakiyar dajin, kimanin kilomita 150 arewa maso gabas da birnin Manaus, Burazil da Jamus sun kafa hasumiyar awon iska da ake kira ATTO, mai tsawon mita 325, wadda aka kammala a 2015. Tun kafin a gama ta, masu bincike na cibiyar Max Planck suna ɗibar iskar wannan yanki, kuma a 2012 suka bayyana cewa a tsakiyar ƙwayoyin da gajimare ke taruwa a kansu akwai gishirin fotashiyam, irin sinadarin da ke cikin ruwan tokar da mata ke tacewa don girki. Ba a ga alamar gobara tare da shi ba, saboda haka suka danganta shi ga rayayyun halittun dajin, musamman dangin laimar kwaɗi da funfuna.

Yadda abin ke faruwa shi ne wurin tasbihi. A ƙarƙashin hular laimar kwaɗi akwai siraran faifai jere, a jikinsu ƙwayoyin irinta suke, ido ba ya ganinsu, kuma laima guda tana iya sakin biliyoyinsu a ƴan kwanaki. Idan ƙwaya ta nuna, sai ta fitar da ɗan sukari a gindinta. Sukarin ya jawo laimar iska, ɗigon ruwa ya taru yana girma, har ya taɓa ruwan da ke jikin ƙwayar. Da sun haɗe, ƙarfin haɗuwar nan sai ya cilla ta. Tsallen bai kai ko milimita ɗaya ba, daidai yadda za ta rabu da faifanta ba tare da ta manne a na kusa da shi ba, sa'an nan ta faɗo, iska ta ɗauke ta. Subhanallah, wa ya auna mata wannan tazara? Wasu dangin kuma harbo irinsu suke yi tare da feshin ruwa mai gishiri. Gishirin nan yakan tashi sama, tururin da itatuwa ke fitarwa ya lulluɓe shi, ya yi kauri har ya isa ya riƙe ruwa. A 2016 aka ƙara gano cewa ita kanta ƙwayar irin, idan ta sha laima ta kumbura, takan fashe ta zama gutsattsari masu yawa, kowane gutsure ya zama mazaunin wani ɗigo. An ƙiyasta a 2007 cewa irin da waɗannan halittu ke saki a duniya yana kai tan miliyan 50 a shekara.

A nan sai a tsare aƙida. Laimar kwaɗi ba ta yin ruwa, kamar yadda wuta ba ta ƙonawa da kanta. Allah ne ke halittar abu a wurin sababinsa, kuma Mala'ika Mika'ilu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi aka wakilta wa ruwa da tsiro. Haka nan bai kamata a riƙa fizgo ayoyi ana ɗora su a kan kowane sabon bincike ba, domin bincike yakan sauya, tafsiri kuwa yana da ma'abotansa. Abin da ake nema a nan tafakkuri ne kawai.

Wannan halitta ba ta da fure, ba ta da inuwar da matafiyi zai zauna. Abincinta ruɓaɓɓen ganye da mataccen icce. Mafi yawan jikinta zaruruwa ne a binne cikin ƙasa, laimar da ake gani ƴar kwanaki ce. Aikinta ya fi ƙarfi da dare, lokacin da laima ta yawaita. Wanda ya tsaya yana kallon hadari ya haɗo a kan itatuwa masu tsawon mita arba'in, itatuwan zai yaba, ba zai duba ƙarƙashin takalminsa ba. Malaman tarbiyya suna kiran wannan matsayi humuli, wato ɓoyuwa, kuma suna ganin ya fi aminci ga mai farawa, domin abin da mutane ba su gani ba, riya ba ta da hanyar shigarsa. Duk wanda ya je Maulidin Kiyota ya ga dubban mutane sun ci sun sha, ya san akwai waɗanda suka kwana a bakin murhu da waɗanda suka yini ɗaukar ruwa, ba su ji ko ƙasida guda ba. Istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari da muridi ke yi shi kaɗai bayan asuba, bai san ɗigon da ke taruwa a kansu ba, kuma ba a ɗora masa ya sani ba.

Dajin ya nuna kishiyar haka ma. Idan rani ya yi aka cinna wa daji wuta don buɗe gonaki da makiyaya, hayaƙi yakan cika sama da ƙwayoyi dubbai. Mai gaggawa zai ce ruwa zai ƙaru ke nan. Awon da aka yi da jirgin sama, aka wallafa a 2004, ya nuna ruwan yakan rarrabu a kan ƙwayoyin da suka yi yawa, kowane ɗigo ya tsaya ƙarami, ya kasa yin nauyin faɗowa, sai zubar ruwan ta jinkirta. Hayaƙi daga nesa ake hango shi, kowa ya san inda ya tashi. Zawiyar da kowa ke son a gan shi a gaba, kowa muƙaddami ne a ransa, takan cika da taro da hotuna a Facebook, zukata kuma a bushe.

Mutumin Damagaram yana da ɗan rabo a wannan labari. Hazon hunturu da ke rufe rana ya sa yara tari, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki. Ƙurar Sahara takan ƙetare tekun Atlantika, kuma awon tauraron ɗan Adam da aka fitar a 2015 ya nuna kusan tan miliyan 28 nata na sauka a Amazon duk shekara, ɗauke da fosforas kamar tan dubu 22, takin da ruwan dajin ke wankewa. A can sama ƙurar takan haɗu da ƙwayoyin da dajin ya tayar, ƙanƙarar gajimare ta taru a kansu tare.

Allah Ya ba Nijar damina mai albarka, Ya tsare ƴan'uwa daga son a sani, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam.