Dabinon Tsakar Gida da Maganar Tawakkali

Yaron da ya tashi a cikin ganuwa ba ya rikita giginya da goruba. Giginya sambal take, da ɗan kumburi a tsakiya, kuma ita ce azarar da ke riƙe da rufin tsofaffin gidajenmu na Soron Ɗinki. Goruba kuwa rassa take yi. Dabino ne mai ɓoye kansa. Ƙwallon da aka tofar bayan buɗa-baki zai tsiro a gindin randa, ya yi tsawo, amma ba mai ce maka namiji ne ko mace sai ya fitar da fure, bayan shekara 5 ko fiye. Kusan rabin masu tsirowa daga ƙwallo maza ne, ba sa 'ya'ya.

Akwai wata macen dabino a gidan wani dattijo maƙwabcinmu. Duk shekara sai ta yi fure, 'ya'yan su fito tsamurarru ba ƙwallo, su zube. Na ce, "Baba, a nemo furen namiji a ɗaura mata mana." Ya ce, "Ƙyale ta, yaro, Allah ke ba da 'ya'ya."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai a kan dabino aka taɓa warware wannan batu a Madina. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutane suna yi wa dabino barbara, ya nuna ko an bari ma zai yi. Suka bari, amfanin shekarar ya lalace. Da suka kai masa labari bai tuhumi imaninsu ba, ya bar musu sanin sana'arsu. Abin da ke ɗaure mini kai, mun karanta hadisin a zaure, amma har yau wasunmu na ganin hawa bishiya da fure a hannu kamar jayayya da ƙaddara ce.

Manoman Ingal a Nijar, da na Dutse inda cibiyar NIFOR ke da gonar dabino, ba su fi mu ƙarancin tsoron Allah ba. Mai son tabbas a cikinsu ɗan da ya fito a gindin uwa yake cirewa ya dasa, don halinta zai ɗauko. Namiji ɗaya ya ishi mata kusan 50 idan da hannu ake barbara. Su hau, su ɗaura, ƙaya ta soke su, sannan su zauna jiran abin da ba su da iko a kai, domin in ruwan sama ya sauka a kan nonon da ya fara nuna, ruɓewa zai yi.