Dara, Lido da Caca: Ina Iyakar Wasa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Idan kaka ta wuce, rumbuna suka cika, duk wanda ya zaga ƙasar Daura, daga Zango zuwa Ɓaure, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, ba zai rasa ganin dattawa a gindin bishiya sun duƙufa kan dara ba. Gefe guda kuma samari ne da karta ko lido. Tambayar da ke yawan zuwa gaban malamai ita ce: shin hukuncinsu duka ɗaya ne?

Dara dai gurabu 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya daga na abokinsa. Babu abin da ke ɓoye, wanda aka cinye lissafinsa ne ya gaza. Lido kuwa ƙwaya ce mai fuska 6, gwani da ɗan koyo duk ɗaya suke a gabanta. Karta tana tsakani: rabo ne ke ba mutum abin da ya riƙe, dabara ce ke nuna masa yadda zai jefa.

Magabata sun tattauna irin wannan a kan wasanni biyu na zamaninsu: nardu, wanda ake yi da jefa ƙwaya, da shaɗaranji, wanda ake yi da tunani. Hani mai tsanani ya zo a kan nardu cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Malaman Shafi'iyya sun fitar da ƙa'ida: wasan da ya dogara ga lissafi makaruhi ne kamar shaɗaranji, wanda ya dogara ga kirdado kuwa haramun ne kamar nardu. Amma Imam Malik, wanda ƙasar nan ke bin mazhabarsa, bai ga alheri ko a shaɗaranjin ba, kuma Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya hana duka biyun a cikin Risala. Ke nan gwaninta kaɗai ba ta wanke wasa.

Sa'a ma a kan kanta ba laifi ba ce. Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Manomin Ɓaure yakan zuba iri bai san yadda damina za ta kasance ba, falken da ya kai shanu kasuwar Mai'aduwa bai san farashin da zai tarar ba. Dukansu sun haɗa iyawa da jiran rabo, kuma nemansu halal ne. Dalili shi ne, idan manomi ya samu, ba wanda ya rasa. Gero ne ya ƙaru a duniya. Ɗan caca kuwa ba ya cin kwabo sai wanda ya fito daga aljihun ɗan'uwansa, ba a bakin aiki ba, ba a bakin haja ba.

Saboda haka da zarar 'yan wasa sun aza kuɗi, ko a kan dara ce, ta zama caca. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta jera caca tare da giya, ta kuma bayyana illarsu: gaba da ƙiyayya, da shagala daga ambaton Allah da salla. Wannan ya shafi matasan da ke cacar ƙwallo ta wayar hannu suna cewa ai sanin ƙungiyoyi ne ba sa'a ba. Da sani ne ke ci, da masu kamfanin sun daɗe da rufe shago.

Hausawa na cewa sa'a ta fi sammako, amma ba su ce a bar sammakon ba. Tawakkali shi ne a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, ba a miƙa kuɗin cefane ga ƙwayar lido ba.

Mai zama gindin bishiya ya auna kansa da abubuwa uku. Akwai kuɗi a tsakani? An kira salla bai tashi ba? Ana watsewa da zagi ko rantsuwar ƙarya? Idan ɗaya ya tabbata, to, dara ta ci gida. Idan babu, saɓanin malamai yana nan, kuma wanda ya nisanci shubuha ya tsare addininsa da mutuncinsa.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya kare al'ummar Musulmi daga cin dukiyar juna da ɓarna, amin.