Karkiya Ɗaya, Shanu Biyu

Ƙarshen watan Afrilu ne, bazara ta kai intaha. Hadari kan haɗo a kan duwatsun Mandara, ya watse ba ko ɗigo. Na fita bayan garin Mubi wajen wani dattijo da muke sayen gyaɗa a hannunsa, sai na tarar da shi a fili da shanu biyu a karkiya, suna jan gungumen itace maimakon garma. Ɗayan tsohon sa ne, wuyansa ya yi kanta. Ɗayan sabo ne, bai daɗe da baro kasuwar shanun Mubi ba, sai fizge-fizge yake yi, ya ja hagu, ya turje, ya nemi kwanciya.

Na ce, "Baba, da ka haɗa sababbi biyu masu jini a jika, ai da aikin ya fi sauri."

Ya yi dariya. "Ɗana, sabo da sabo ba sa fitar da kunya miƙaƙƙiya. Ni baki kawai nake yi musu daga baya. Mai koyarwar shi ne wancan da ke gefensa."

Na tsaya na ƙura ido. In sabon ya zabura, tsohon sai ya rage tafiya, nauyin karkiyar ya dawo da shi. In an zo ƙarshen fili, tsohon ne ke fara juyawa, sabon ya bi ba tare da ya san ya koyi wani abu ba. Da aka kwance su, dattijon ya zuba musu harawar gyaɗa da dusa, ya jiƙa musu kanwa. Tun kaka ya ɗaure harawar ya ɗora a kan rumfa, don ya san san da ya rame da rani ba ya huɗa da damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A hanyar komawa gari, wani ƙanena ne ya faɗo mini a rai. Yana digiri na uku a fannin noma a wata jami'a mai nisa da nan, bincikensa kan taki da masara. Irin wannan aiki ba ya jiran kowa: a yankinmu ruwa kan sauka wajen Mayu ya ɗauke wajen Oktoba, wanda ya rasa shukar farko kuwa ya rasa shekara guda cur. Tallafin da ya sa rai a kai bai fito ba sai da aka fara girbi. Malamin da ke duba aikinsa, sufabaiza kamar yadda suke cewa, mutumin kirki ne, amma ɗalibai sun yi masa yawa, ga koyarwa, ga taruka. Babi ɗaya kan kwana wata uku a teburinsa, ya dawo da jan biro da kalma biyu: a gyara. A wannan shekarar ƙanen nawa ya koma koyarwa a makarantar kuɗi don ya ciyar da iyali, filin gwajin ya zama na ciyawa.

Ba wai babu kuɗin bincike a ƙasar nan ba. Tun 1993 aka kafa harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, aka sake masa fasali a 2011 ya zama asusun TETFund, wanda ke kula da manyan makarantun gwamnati kaɗai. Harajin ya fara da kashi 2 cikin ɗari, ya koma 2.5, a 2023 ya kai kashi 3. Duk wanda ya shiga Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a 2002 zamanin Gwamna Boni Haruna, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta girme ta da shekaru, zai ga gine-gine ɗauke da sunan asusun. Asusun yana kuma biya wa malamai kuɗin ƙaro karatu, yana ba su tallafin bincike. Sai dai ƙofar ta ma'aikata ce. Ɗalibin da ba ya cikin jerin malaman makaranta, ko da kuwa shi ke tsugunawa a gona yana auna tsayin kara, daga aljihunsa yake sayen iri da taki da man babur, sai fa in malaminsa ya samu ya kuma yafa masa.

A Amurka sun daɗe da gane wannan rami. Malamai da yawa albashin wata tara ake ba su, haka ma ɗaliban digiri na uku da ke taya koyarwa. Saboda haka jami'o'i kan ware kuɗi na musamman don watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da babu darasi, kuma galibi sharaɗin shi ne a ga sunan malamin da ya yarda zai tsaya wa ɗalibin. Abin da ya burge ni a nan ba yawan dalar ba ne. Sun ɗaure harawa da karkiya a igiya ɗaya, sun kuma sa ranar biya ta riga ranar aiki.

Mu kuwa kalandarmu ma ba ta da tabbas. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato ya haɗiye damina sukutum. Mutanen Mubi sun ga abin da ya fi haka: a ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta shigo garin, malamai da ɗalibai suka watse, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru. Wanda ya bar samfurin ƙasa ko iri a ɗakin gwaji, da wuya ya dawo ya same shi yadda ya bari. Duk da haka an dawo, an ci gaba.

Ni a ganina, ko kuɗin bai ƙaru da kwabo ba, akwai rabin aikin da ba ya buƙatar sa hannun Abuja. Malami ya ware yini ɗaya a wata, ya hau bayan babur ɗin ɗalibinsa, su je gonar tare. A can ne zai ga cewa an shuka layukan kusa da juna fiye da kima, tun ana iya cirewa a sake, ba bayan shekara biyu ba a gaban malamin da aka gayyato daga waje don jarrabawa. Na san wasu za su ce malamin ma a gajiye yake. Gaskiya ne. Tsohon san nan ma ba don daɗi wuyansa ya yi kanta ba.

Na koma wajen dattijon a watan Yuni, bayan ruwa ya zauna. Garma ce yanzu a bayansu, ƙasa na tashi baƙa wuluk. Sabon san ya daina turjiya, ko da yake har yanzu yakan makara a juyi. Na tambayi Baba yaushe zai sayar da tsohon. Ya ce sai baɗi, in sabon ya iya riƙe wani.