Tambayar Da Ta Fitar Da Imamu Gazali Daga Bagadaza

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan aka tambayi ɗayanmu dalilin halittarsa, nan take zai ce don bauta wa Allah ne, kamar yadda aya ta 56 ta Suratuz Zariyati ta karantar da mu. Amsar daidai take, sai dai sau da yawa a baki take tsayawa. Mutum ya fita tun da asuba zuwa kasuwa ko gona, shekara ta bi shekara, bai taɓa tambayar zuciyarsa abin da take nema cikin wannan kai da kawowa ba. Labarin wani babban malami zai nuna mana nauyin wannan tambaya.

An haifi Imamu Abu Hamid Al-Gazali a garin Ɗusa ta ƙasar Farisa a shekarar 1058. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi bisa kujerar karantarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza, inda ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa, manyan fada suna girmama shi. Duk wanda ya gan shi zai ce wannan bawa ya dace duniya da lahira.

Amma a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalali ya ba da labarin abin da ke ɓoye. Ya auna ayyukansa, ya ga mafi kyawunsu shi ne karantarwa. Da ya binciki niyyarsa a cikinta, sai ya tarar son girma da ɗaukakar suna ne ke tura shi. Kusan wata 6 yana kokawa da ransa, ya ƙudura barin garin da safe, kafin maraice ƙudurin ya warware. Daga ƙarshe harshensa ya ɗaure har ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shiga, masu magani suka ce ciwon daga zuci yake. A 1095 ya raba dukiyarsa, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya nufi Dimashƙa, sannan Baitul Maƙdisi da Makka da Madina. A wannan keɓewa ya rubuta Ihya'u Ulumid Dini, wanda malamanmu ke karantawa.

Kada wani ya fahimci cewa hanyar tsira ita ce barin gida da sana'a. A 1106 Gazali ya koma karantarwa a Naisaburi, kafin rasuwarsa a 1111. Aikin da ya bari shi ya komawa, amma da wata zuciya dabam: da yana koyarwa don a ɗaukaka shi, yanzu yana koyarwa don ya gyara kansa da waninsa.

Wani zai ce: "Ni talaka ne, neman tuwon yau ya ishe ni, ina ruwana da wannan zurfin tunani?" To ɗan'uwa, hadisin niyya da Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi, daga Sayyidina Umar, bai ware malami daga manomi ba. Mai noman gero da ya nufi ciyar da iyalinsa da halal, ya kare su daga roƙo, ibada yake yi tun daga shuka har girbi. A ɗaya gefen kuma, Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa farkon waɗanda za a yi wa hukunci ranar ƙiyama sun haɗa da mayaƙi da malami da mai kyauta, waɗanda suka yi ayyukansu don a yabe su, aka kuma hallaka su saboda haka.

Ta yaya mutum zai san abin da yake rayuwa dominsa? Ya duba alherin da zai ci gaba da yi ko ba mai gani, ba mai godiya. Ya duba kuma abin da zai ƙi yi ko da riba ta ninka: tauye tiya, ɓoye hatsi har farashi ya hau alhali maƙwabta na kwana da yunwa, cin haƙƙin maraya. Inda ya tsaya a waɗannan wurare, nan manufarsa ta gaskiya take.

Saboda haka kowannenmu ya keɓe ɗan lokaci bayan sallar isha'i, ya lissafa ayyukan yininsa, ya tambayi kansa don wa ya yi su. Abin da ya samu na Allah ne ya gode, abin da ya gauraya ya nemi gafara, ya gyara niyya kafin gari ya waye.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya sa mu cika da imani.