Wa ya kamata ya ɗauki hasarar makiyayi?

A farkon watan Oktoba na 2013 wata guguwar dusar ƙanƙara ta auka wa yammacin Jihar Dakota ta Kudu a Amurka, musamman gundumar Mid da kewayenta. Ruwan sama ne ya fara jiƙa shanu, sa'an nan iska da ƙanƙara suka biyo baya, alhali gashin sanyi bai tsiro musu ba tukuna. Shanu suka bi iska suna tafiya har shingen waya ya tare su, suka mutu a kan juna. Dabbobi fiye da 40,000 suka hallaka, ana dab da kai maruƙa kasuwa.

Sai tambaya ta taso: ko daidai ne a ɗebi harajin talakan birni, wanda bai taɓa mallakar ko akuya ba, a biya mai garke? A ganinmu daidai ne. Gama ba ragwanci ne ya jawo musu wannan ba, kuma garke ba kamar kayan kanti ba ne da za a sake sarowa gobe. Sai karsana ta shekara biyu kafin ta haihu. In makiyayi ya sayar da filinsa ya tashi, mai kanti da makarantar ƙauye su ma sun ji a jikinsu. Abin da ya fi ƙarfin iyali da maƙwabta, wajibi ne hukuma ta sa hannu a ciki.

Amma hukuma ta makara. A lokacin ofisoshin gwamnatin tarayya a rufe suke saboda gardamar kasafin kuɗi, dokar biyan diyyar dabbobi kuma wa'adinta ya riga ya ƙare. Sai a watan Fabrairu na 2014 aka sa hannu a sabuwar doka, aka soma karɓar takardun neman diyya a Afrilu. Wata shida ke nan. Maƙwabta ne suka riƙe mutane a tsakani, waɗansu da kuɗi, waɗansu da kyautar karsana. Mai bin bashi kuwa ba ya jiran majalisa.

Tsarin biyan ma abin dubawa ne. Ana biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin dabba a kasuwa, kuma a kan mutuwar da ta wuce ta kullum kaɗai. Wannan akwai hikima a ciki, domin mai dabba ya ci gaba da kula da abinsa. Sai dai ana lissafi ne da kan dabba, watau wanda ya fi dukiya shi ya fi samu. Mai shanu 1,000 da ya rasa 200 ya fi mai shanu 40 da ya rasa 35 karɓa nesa ba kusa ba, ko da yake na biyun ne ya durƙushe. Ɗan ƙodagon da aka sallama domin babu shanun kiwo, shi ko sunansa ba ya cikin takarda.

Dokar 2014 ta sa iyaka, dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara. A 2018 majalisa ta cire wannan iyaka daga diyyar dabbobin da suka mutu. Hujjar masu goyon baya ita ce hasara hasara ce, kome yawan garke. Mu dai ba mu gamsu ba, gama kuɗin jama'a ne, kuma mai babban garke yana da banki da fili da zai jingina, abin da mai shanu 40 ba shi da shi.